Kifin da Ke Iyo a Rigingine

Fereej Abdel Aziz, Doha
Juma'a, 14 ga Janairu, 2022

Zuwa ga abar ƙaunata Haulat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yaranmu Kausar da Aruna. Yaya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Yaya mutanen Tungar Gado, yaya ruwan Kwara bana? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Kada ki yi mamakin ganin rubutun hannu. Kin san ɗakinmu mutum shida ne, kuma ƙanenki Garzali a gadon da ke saman nawa yake kwana. Ko tari na yi a waya sai ya ji. Shi ya sa zan riƙa rubutawa a takarda, in ɗauki hotonta in turo miki. Ki karanta ke kaɗai.

Albishirinki. Kamfani ya ɗauke mu daga gadin kanti ya kai mu Umm Salal, can cikin gonaki, gidan wani attajiri da ya tara kayan tarihi ya gina musu zaure biyar. Yana so a buɗe wa baƙi kafin gasar ƙwallon duniya. Mai kula da kayan wani dattijo ne Bamisire, Dakta Rashad, mutum mai fara'a. Da ya ji cewa ni malamin tarihi ne a gida, sai ya tafa hannu ya ce to daga yau ni zan riƙa zagayawa da 'yan makaranta idan sun zo. Haulat, shekara uku rabona da alli! Yanzu dai korona ta sake tashi, makarantu sun koma karatu ta waya, kowa da takunkumi a fuska, ba mai shiga bas sai wayarsa ta nuna kore, alamar ba ya ɗauke da cutar. Don haka nakan tsaya ni kaɗai a zaure ina yi wa kujeru darasi. Bawah, shugaban aikinmu, wani mutumin Zangon Kumasi mai yawan barkwanci, ya ce in ci gaba, wai kujerun sun fi yaran Najeriya ladabi.

A zaure na uku akwai abin da nake so ki gani da idonki. Wani ɗan kifi ne na zinariya, bai fi tsawon ɗan yatsan Kausar ba, da zobe a bakinsa. Shekarunsa sun kusa dubu huɗu. Maƙerin ya fitar masa da gashin baki da ƙayar baya, kamar yanzu aka zaro shi daga koma. Dakta Rashad ya ce mutanen Misira na dā sukan ɗaura irinsa a ƙarshen kitson yaro ko yarinya, kuma masana suna ganin don tsoron kogin Nilu ne, kada ruwa ya ci yaron. Kusa da wutsiyarsa akwai wata 'yar lotsawa. Ni dai zan gaya wa yara cewa wataƙila yarinyar da ta sa shi ce ta riƙa cizonsa lokacin da take haƙori. Ba a littafi na gani ba, kuma zan faɗa musu haka, amma na san za su so shi.

Na yi dariya a raina, na ce ashe tun zamanin Fir'auna ake fama da layu. Kin tuna yaƙin da na yi da su lokacin da aka fara turo ni makarantar garinku ina saurayi?

Abin da ya sa na rubuto kuwa shi ne Garzali. Ranar da muka fara shiga zauren na ce masa zo ka ga tarwaɗa. Ya leƙa gilashin ya ce ba tarwaɗa ba ce, ƙurungu ne. Ya tsaya a wurin har Bawah ya kira shi sau uku. Tun ranar kullum roƙo yake a ba shi zaure na uku, alhali kowa gudunsa yake don ba kujerar zama. Kin san shi da tsoron ruwa tun rasuwar ƙanenku Auta. Shekara biyu muna garin nan, bai taɓa bin mu bakin teku ba. To me ya haɗa shi da kifi yanzu? Wataƙila kewar 'yarsa Zalihatu ce, tunda an haife ta bayan tahowarsa, bai taɓa ɗaukarta ba. Ni na koyar da shi tun yana aji uku, ni na kawo shi ƙasar nan, ba na son in ga yana ɓoye mini ciki. In kin san wani abu ki gaya mini.

Ki gaida Inna da kyau, ki gaida matar Garzali. Ki ce wa Kausar ina sane da alkawarin jakar makaranta.

Naki har kullum,
Sunusi

*

Fereej Abdel Aziz, Doha
Juma'a, 21 ga Oktoba, 2022

Haulat tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Yaya gida, yaya yara, yaya kuka ji da ambaliyar bana? Na ji daɗi da kika ce ruwa bai shiga ɗakin Inna ba. Allah Ya ƙara tsarewa.

Bari in fara da mai daɗi. Yara suna zuwa yanzu, aji biyu ko uku a rana, Larabawa da Indiyawa da 'yan Sudan da wasu da ban ma san ƙasarsu ba. Nakan tara su gaban kifin in tambaye su wa ya iya iyo. Sai ki ga hannaye a sama. Sannan in tambaya, wa mamarsa take jin tsoro in ya shiga ruwa? Sai hannayen su ƙaru. In ce to wata uwa ma ta ji irin wannan tsoro shekara dubu huɗu da suka wuce, ga shaidarta nan. Wata 'yar ƙarama ta tambaye ni ko kifin ya yi aiki. Na ce mata Allah ne Mai tsarewa, amma uwar ta yi iyakar abin da ta sani. Wallahi ranar har bas ina murmushi.

Garin ya cika da tutoci, duk inda ka juya hoton ƙwallo ne. Bawah kuwa tun watan Maris da Ghana ta fitar da mu bai bar mu mun sha ruwa ba. Kullum da safe, da Hausarsa ta Zango, sai ya ce: “Tica, kada ka damu, in mun ci kofin za mu ba ku aron shi kwana biyu ku ɗauki hoto.”

Yanzu ga abin da ke hana ni sukuni. A amsarki ta baya kin ce in bar Garzali, in daina sa masa ido, babba ne. Na yi ƙoƙari, wata tara ban ɗaga maganar ba. Amma saurari abin da na gani, ki yi hukunci da kanki.

Na kama shi sau biyu yana ɗaukar kifin hoto, ba irin hoton da baƙi ke ɗauka ba. Ta gefe, ta sama, ta wajen wutsiya, har yana auna shi da yatsa a jikin gilashi. Da ya gan ni sai ya cusa wayar a aljihu. Sannan Juma'a huɗu ke nan a jere da yake ɓacewa bayan an sauko daga masallaci, ba ya dawowa sai magariba. Ya ce mini wurin abokai yake zuwa a unguwar Bin Mahmud. Amma Bawah, ba da wata manufa ba, ya ce mini ya hango shi a layin maƙeran zinariya na kasuwa, yana zaune kan benci a shagon wani tsoho, sun haɗa kai suna kallon waya. Har ya tsokane ni wai surukina zai ƙara aure bai gaya mini ba.

Mafi girma shi ne na ranar Litinin. Ran Lahadi gidan a rufe yake, ranar ake buɗe akwatunan gilashi a goge kaya, kuma Garzali ne ke tsaron zauren. Ni ina hutu. Da na shigo Litinin da yara ashirin a bayana, sai na ga kifin ya juya. Wata tara yana kwance bayansa a sama kamar kowane kifi. Yanzu ga shi a rigingine, ciki a sama. Kuma yana wani ƙyalli da ban san shi da shi ba, kamar jiya aka ƙera shi. Na tsaya ina kallonsa, sai da malamar yaran ta tambaye ni ko lafiya.

Da muka tashi na ja Garzali gefe na tambaye shi wa ya taɓa kifin. Bai kalle ni ba. Cewa ya yi kawai, “Haka ya kamata ya kwanta, Malam,” ya wuce ya hau bas.

Za ki ce me ya hana in tambayi Dakta Rashad. Haulat, in na buɗe baki na ce kifin ya canza, bincike za a fara, kuma sunan farko a takardar aikin ran Lahadi na ƙanenki ne. Nan ba gida ba ne da za a je a ba dagaci haƙuri. Kurkuku ne, sannan kora, kuma ba zai ƙara shigowa ba har abada. In kuma na yi shiru alhali an musanya kayan mutane da jabu, to ni ne nake tsayawa kullum ina nuna wa yara ƙarya da bakina. Amana ce aka ba ni.

Ki taimake ni. Ki bugi cikin matarsa a hankali, ko wani ya ja shi cikin wata harka. Akwai masu neman irin kayan nan, kuma sun san yadda ake lallaɓa yaro mai kewar gida.

Ki gaida Inna, amma kada ki gaya mata komai.

Mijinki,
Sunusi

*

Fereej Abdel Aziz, Doha
Litinin, 5 ga Disamba, 2022

Haulat,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da yara da Inna. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Na sami amsarki. Layi uku kika rubuto, kuma biyu daga ciki magana ɗaya ce: kada in taɓa kayansa, don Allah kada in taɓa kayansa. Shekara goma sha biyu muna tare, ban taɓa jin kin roƙe ni abu sau biyu ba. Na daɗe ina juya maganar. Me ya sa ba ki ce ƙanenki ba ɓarawo ba ne? Me ya sa kayansa kika ambata? Ki gafarce ni, amma zuciyata ta fara raya mini cewa kin san abin da ke cikin jakar, kuma kin zaɓi jininki a kaina. Ban ce haka ne ba. Na ce zuciyata ta raya mini.

Na taɓa kayan. Yau ina hutu, shi yana wurin aiki, sauran 'yan ɗakin sun tafi kallon ƙwallo a dandali. Na jawo baƙar jakarsa daga ƙarƙashin gado. A sama akwai atamfa biyu, da takalman yara, da wata 'yar rigar ruwa mai ruwan lemo irin ta masu shiga jirgi, ƙarama. Na ture su gefe. Can ƙasa na ji wani abu mai tauri a cikin safa.

Shi ne, Haulat. Zoben baki, gashin baki, ƙayar baya. Na kai shi bakin taga na juya shi, sai ga lotsawar nan kusa da wutsiya, daidai inda nake nuna wa yara. Wane maƙeri ne zai ƙera sabon abu da lotsawa? Na zauna a ƙasa ina riƙe da abin da ya girmi garin Yawuri da shekara dubbai, a ɗakin da muke shanya safa a kan ƙofa. Na cikin gilashi, mai ƙyallin nan, shi ne jabun.

Na yi kuka, ba na ɓoye miki. Yaron da na koya wa rubuta sunansa. Yaron da na tsaya gaban kafil, mai ɗaukar nauyin bizarmu, na ce na lamunce shi da wuyana.

Ga shawarar da na yanke. Ba zan yi masa magana ba, don zai musa, ko ya firgita ya yi abin da ya fi wannan muni. Kifin yana aljihun rigar aikina yanzu, na mayar da safar yadda take. Gobe da safe zan shiga da shi, tunda a fita ake binciken ma'aikata ba a shiga ba. Zan sami Dakta Rashad shi kaɗai a ofishinsa, in ajiye masa a tebur, in durƙusa in roƙe shi ya mayar da shi wurinsa ba tare da manaja ya ji ba. Dattijo ne mai 'ya'ya. In ya ce lalle sai an kori wani, zan ce ni ne na yi sakaci. Garzali ba zai ma san na cece shi ba sai bayan an gama, kuma wata rana zai gode mini.

Na san kin ce kada in taɓa. Amma wani lokaci dole babba ya karɓe abu daga hannun yaro don amfanin yaron. Aikina ke nan tun ina saurayi, kuma ban taɓa nadama ba.

Ki yi mana addu'a. Ki sumbaci yara.

Sunusi

*

Fereej Abdel Aziz, Doha
Juma'a, 9 ga Disamba, 2022

Zuwa ga Haulat, matata, wadda ta fi ni haƙuri,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar mai jin kunya. Yaya kike, yaya Kausar da Aruna, yaya Inna? Na ga kiranki goma sha ɗaya. Ban ɗauka ba don ban san da wace murya zan yi miki magana ba. Muna lafiya, ba wanda aka kama, ba wanda aka kora. Ki zauna ki karanta har ƙarshe.

Ran Talata na shiga da kifin kamar yadda na tsara. Na je ofishin Dakta Rashad, a kulle. Na koma da azahar, a kulle. Sai mai shayi ya ce mini ai Dakta ba zai zo ba yau, ya sami tikitin wasan Maroko da Sifaniya, tun safe ya tafi da jikokinsa. Haka na yini ina yi wa yara bayani da zinariya a aljihu tana ƙona mini ƙirji. Na yi tunanin ɓoye shi a bayan wani akwati, sai na tuna ko'ina akwai kyamara. Ƙarfe biyar aka tashi. Na bi layi, na ce ko Allah zai sa na'urar ƙofa ta yi barci. Ba ta yi ba, ina zuwa ta yi ƙara.

Bawah ne a ƙofa. Yana dariya ya ce, “Tica, yalla, maza fito da makullin gidan amaryar.” Da na buɗe hannuna dariyar ta mutu a fuskarsa. Manaja yana tsaye a wurin. Ya dubi kifin, ya ruga zaure na uku, ya dawo ya ce nasu yana nan a gilashi. Wato ɗayan biyu ne: ko na riga na musanya, ko na zo da niyyar musanyawa. Ya ɗaga waya zai kira 'yan sanda.

Sai na ji muryar Garzali daga bayan layi yana cewa nasa ne. Ya matso ya ce shi ya sa aka ƙera masa, kuma Dakta Rashad ya sani. Manaja ya ce halas, wato magana ta ƙare, ku biyu ke nan. Bawah ne ya tsaya, ya yi ta roƙo da Larabcinsa mai gurɓi, ya ce a jira Dakta, in ƙarya ne shi ma a haɗa da shi. Aka kira Dakta, ba ya jin komai sai ihun filin wasa. Ya turo saƙo cewa kada a yi komai sai ya zo bayan an tashi. Aka sa mu a ɗakin ajiya ni da Garzali, aka ja ƙofa. Kin san wasan nan bai ƙare da wuri ba, sai da aka yi ƙarin lokaci, aka yi bugun fenariti. Muna jin masu gadi a waje suna ihu a kan waya. Awa huɗu muna zaune a kan kwalaye.

Ni ne na fara magana, da muryar malami, ina tambayarsa me ya sa bai gaya mini ba. Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba, ya ce, “Malam, in na gaya maka ai karɓewa za ka yi. Ga shi ban gaya maka ba ma ka karɓe.”

Sannan ya tambaye ni ko na tuna kwalin alli. Na tuna. Shekarata ta farko a makarantarku, ranar wata Alhamis, na tara yara a fili na sa kowa ya ciro layar wuyansa ya jefa a kwalin alli. Na yi musu wa'azi mai kyau, har yau ina tuna jimlolinsa. Na kai kwalin bakin mashaya, wajen tsohon dutsen nan, na juye a ruwa suna kallo. Na koma gida ina jin na yi jihadi.

Ya ce layar Auta ta kakanku ce, Basarke masunci, da ƙayar ƙurungu aka ɗinke ta a cikin fata, kuma Inna da hannunta ta rataya masa. Auta yana da shekara tara. Ya ji tsoron Inna ta ga wuyansa babu komai, sai ya riƙa maɓalle rigarsa har wuya. Kullum bayan an tashi daga makaranta sai ya ja Garzali su je wajen dutsen, shi ya nutsa yana lalube a ƙasa, Garzali yana tsaye yana duba masa hanya. Sati uku suna haka. Ranar ƙarshe ruwa ya ƙaru.

Ni abin da aka gaya mini shi ne yaro ya je wanka. Na je gaisuwa, na zauna a tabarmar Inna, na yi mata nasiha a kan haƙuri. Ita ta kawo mini ruwa.

Ya ce a daren ya gaya wa Inna da ke. Inna ta ce ajali ne, Malam bai sani ba, kuma duk wanda ya gaya masa ba ta yafe ba. Bayan shekara biyu na zo neman aurenki, ta ba ni. Haulat, shekara goma sha biyu kina jin ina ba baƙi labarin kwalin alli ina alfahari, kina zuba mini abinci. Ni kuwa har na rubuta miki cewa kin zaɓi jininki a kaina.

Ban canza ra'ayina a kan laya ba, kuma shi ma bai nemi in canza ba. Da na fara buɗe baki sai ya riga ni. Ya ce, “Na san ba ya tsare kowa, kai ka koya mini. Shi ya sa na sayi rigar ruwa, ko ba ka gan ta a jakar ba? Kifin ado ne. Ina dai so in ta girma ta san babanta yana can nesa yana tunanin ruwa.” Lotsawar kuma, shi ya roƙi maƙerin ya yi ta, saboda labarin da ya ji ina ba yara na yarinya mai haƙori. Tsohon har faɗa ya yi masa, wai shekara arba'in yana sana'a ba a taɓa sa shi ya ɓata aikinsa da gangan ba.

Dakta Rashad ya iso bayan isha'i, da tutar Maroko a kafaɗa, muryarsa ta dushe. Ya ɗauki kifin ya yi dariya, ya nuna wa manaja wani ɗan hatimi a cikin zoben, irin wanda maƙeran yanzu ke bugawa. Ni duk juyin da na yi masa a bakin taga ban gan shi ba, lotsawar kawai nake nema. Ya ce shi ya ba Garzali izinin ɗaukar hoto, shi ya kwatanta masa shagon. Ƙyallin da na gani kuwa, goge shi aka yi. Juyawar ma shi ya juya shi da hannunsa. Wai ran Lahadin nan Garzali ya gaya masa cewa irin wannan ƙurungun a rigingine yake iyo, yana kiwo a ƙarƙashin ganyen ruwa, kowane ɗan Sarkawa ya sani. Dakta ya ce ya karanta haka a littafi, amma bai taɓa haɗuwa da wanda ya kama shi da hannu ba. Wato ranar da na tambayi Garzali ya ce haka ya kamata ya kwanta, gaskiya tsantsa ya gaya mini.

Manaja ya rubuta mini takardar gargaɗi, kuma na cancanta. Bawah ya ce daga yau in zan yi sata in bari sai ranar da ba a ƙwallo.

Jiya aji ɗaya ya zo. Da muka isa zaure na uku na ce wa yara yau ba ni zan yi bayani ba, ga wanda ya fi ni sanin kifin nan. Garzali ya yi turus, ya dube ni. Sannan ya durƙusa daidai tsayinsu, da Turancinsa mai tsalle, ya gaya musu abin da kakanku yake faɗa: duk kifin da ka gani ciki a sama ya mutu, ban da wannan. Yara suka matso kusa da gilashin. Ni na koma bakin ƙofa inda yake tsayawa, na tsare masa wurin.

Na roƙe shi gafara a bas. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya dai miƙo mini rabin shayinsa. Ba zan matsa masa ba.

Garzali ya sami hutu a watan Janairu, zai zo da jakarsa da hannunsa. Ina roƙonki abu biyu. Na farko, ki gaya wa Inna na sani. Ki ce ba Garzali ne ya karya mata magana ba, ni ne na fasa jakar. Ba zan nemi gafararta ta waya ba, sai na zo na durƙusa a tabarmar nan. Na biyu, in ya iso, ke za ki yi wa Zalihatu kitso, ki ɗaura mata kifin a ƙarshen jela. In za su haye kogi zuwa kasuwa kuma, ki tabbata an sa mata rigar ruwan, an ja igiyarta da kyau. In kifin ya juya ciki a sama a bayanta, kada ki gyara shi.

Ki gaida yara. Ke kuma ban san kalmar da zan rufe da ita ba, sai dai in ce na gode.

Mijinki mai neman afuwarki,
Sunusi